Cutar da Hausa Ba Ta Raɗa wa Suna Ba: Ƙashin Tsofaffin Mata da Abincinsu a Kudancin Kano

Harshen Hausa ba ya ƙarancin kalmomi a kan ƙashin da ya riga ya samu matsala. Akwai karaya, akwai tsagewa, akwai gocewa, akwai targaɗe, kuma kowace da matsayinta a bakin maɗori. Haka nan akwai kalmomin siffanta jikin da ya sauya kama: doro, ƙusumbi, gwame, ranƙwafawa. Abin da ban ji Bahaushe ya ware masa suna ba shi ne abin da ke faruwa kafin karayar, wato yanayin da ƙashi ke shafe shekaru yana rarakewa daga ciki, babu ciwo babu kumburi, har ya wayi gari kamar azarar da gara ta cinye: a ido tana nan daram, amma ɗan nauyi kaɗan ya isa ya ɓalla ta. Likitocin Turai sun ba wannan yanayi suna tun cikin shekarun 1830, a 1994 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar masa da ma'aunin ganewa. Mu kuwa har yanzu sai dai mu ce tsufa ne.

Duk wanda ya san ƙasar da ta tashi daga Badafi a Ƙaramar Hukumar Kiru, ta ratsa Bebeji da Tudun Wada har zuwa duwatsun Doguwa, ya san irin tsohuwar da nake nufi. Ita ce wadda a da take ɗauko dami daga gona ba ta sauke ba, yau kuma tana tafe ƙirjinta na kallon ƙasa, sanda a hannu, zanen da take ɗaurawa daidai ya koma yana jan ƙasa. Jikokinta na tsokanarta cewa ta koma ƙarama, ita ma tana dariya. Gaskiya suka faɗa. Ta rage tsawo, domin wasu daga gaɓoɓin ƙashin bayanta sun lotsa sun danne juna. Wannan lotsawa karaya ce a hukuncin likitanci, kuma masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na irinta ba sa zuwa gaban likita ko a ƙasashen da asibiti ke bakin ƙofa.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, batun ƙashin macen da al'adarta ta ɗauke ya shafi manazarta Hausa kai tsaye, ba likitoci kaɗai ba, domin rabin matsalar a cikin harshe take da tukunyar miya da kunyar tsakar gida. Ina kuma ganin cewa kwafo shawarar Amurka yadda take, a fassara ta a karanta a rediyo, ba zai amfani tsohuwar Badafi da komai ba.

Ya kamata a fara da yadda abin yake aiki. Jikin baligi na ɗauke da kimanin kilo ɗaya na sinadarin kalsiyam, kuma kashi 99 cikin 100 nasa a ƙashi da haƙora yake. Ɗan ragowar da ke yawo a jini shi ne zuciya da tsoka da jijiyoyi ke aiki da shi, kuma jiki ba ya yarda wannan ɗan kaɗan ɗin ya ragu. In abinci bai kawo ba, sai ya shiga rumbu ya ɗebo, rumbun kuwa shi ne ƙashi. Ƙashi kansa abu ne mai rai: kullum akwai ƙwayoyin halitta masu rushe tsohon gini, akwai masu aza sabo. Daga ƙuruciya zuwa wajen shekara 30 magina ne ke kan gaba, daga nan a yi kunnen doki na wani lokaci. A jikin mace, sinadarin istirojin shi ne linzamin masu rushewa. Idan haila ta yanke, abin da kan faru tsakanin shekara 45 da 55, wannan sinadari ya yi ƙasa, linzami ya tsinke. Mace na iya rasa kimanin kashi 2 cikin 100 na kaurin ƙashinta kowace shekara na tsawon wasu shekaru a jere, kafin zubar ta lafa. Wani likitan Amurka, Fuller Albright, shi ya fara danganta wannan rauni da yankewar haila a farkon shekarun 1940. Saboda haka ne mace ta fi namiji shiga haɗarin, ga shi kuma tun asali ƙashinta bai kai nasa kauri ba.

Wurare uku ne suka fi karyewa: wuyan hannu, saboda da shi ake dafa ƙasa in an faɗi, gadon baya, sai kan ƙashin cinya ta wajen kwatangwalo. Na ukun ne mai kisa. Ko a ƙasashen da ake yi wa mutum tiyata cikin kwana ɗaya ko biyu, kusan ɗaya cikin biyar na tsofaffin da suka karye a nan ba sa cika shekara. Ba karayar ce ke kashewa ba, kwanciyar ce: gyambon kwanciya, ciwon huhu, daskarewar jini a jijiya. A gidajenmu irin wannan mutuwa ba ta shiga lissafin karaya. Cewa ake yi ta zame a banɗaki da damina, tun daga nan ba ta ƙara tashi ba, kwana ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, babu mai jayayya da wannan, amma santsin banɗakin da raunin ƙashin duk sababai ne da ake iya taɓawa.

To, nawa ne jiki ke bukata? A nan ne gardama take, kuma gardamar ta fi yadda masu tallar magani ke so a sani. Hukumomin Amurka sun ce macen da ta haura 50 ta samu miligiram 1,200 a rana. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2004 ya ce 1,300. Ingila kuwa ta tsaya a kan 700. Wani nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara bayanan ƙasashe 74, ya nuna cewa abin da mutane ke ci a zahiri ya kama daga miligiram 175 a Nepal zuwa 1,233 a Ayisilan. Mafi kusa da mu shi ne aikin Ann Prentice da abokan aikinta a ƙauyen Keneba na Gambiya, inda cimar mutane ta yi kama da tamu: hatsi, gyaɗa, ganye, ɗan kifi. Sun tarar matan ƙauyen na samun tsakanin miligiram 300 da 400 a rana. A Jos kuma, binciken Tom Thacher da Philip Fischer da aka buga a 1999 ya nuna cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe suna samun wajen miligiram 200 ne kacal, kuma kalsiyam ne ya fi warkar da su, ba bitamin D shi kaɗai ba kamar yadda littattafan Turai suka saba koyarwa. Yarinyar da ta tashi da irin wannan cima, ita ce tsohuwar da za ta shiga shekara 50 da rumbun da bai taɓa cika ba.

Da wannan lissafi, sai mutum ya zaci karaya ta gama da tsofaffin Afirka ta Yamma. Binciken farko-farko ya nuna akasin haka. A 1991 Adebajo da abokan aikinsa sun kwatanta Ibadan da biranen Ingila, suka ga karayar kwatangwalo ta yi ƙaranci ƙwarai a Ibadan. A 1996 Aspray da tawagarsa suka ba da rahoton cewa ƙashin tsofaffin matan karkarar Gambiya ba shi da kauri, amma karaya ba ta yawaita a cikinsu ba. Ƙasashen da suka fi kowa shan madara, irin su Suwidin da Norwe, su ne kuma kan gaba a karayar kwatangwalo. Masana abinci sun daɗe suna kiran wannan da sarƙaƙiyar kalsiyam. Akwai ma abin da ya fi wannan ɗaure kai. A Keneba an ba mata masu ciki ƙwayar kalsiyam miligiram 1,500 kullum daga tsakiyar ciki zuwa haihuwa, sai sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna cewa ƙashin waɗanda suka sha ya fi na waɗanda ba su sha ba raguwa a lokacin shayarwa. Fassarar da masu binciken suka yi ita ce, jikin da ya saba da kaɗan ya koyi tattali, yana zuƙar kaso mai yawa daga hanji yana kuma rage zubarwa a fitsari, sai yalwar ɗan lokaci ta rikita masa wannan sabo. Kada dai a ɗauki wannan a matsayin hujjar ƙin ƙwayar da ake ba masu ciki a asibiti, domin ita manufarta kare uwa ce daga hawan jinin ciki da jijjiga, kuma wannan magana ce daban.

Wasu sun karanta waɗannan sakamako suka ce ashe baƙar fata ba ta da wannan cuta, a bar mu da zazzaɓin cizon sauro da mutuwar masu haihuwa. Ban yarda da su ba, kuma dalilina na farko dalilin ɗan nazarin al'ada ne. Ƙidayar Ibadan daga kundin asibiti aka yi ta. A ƙasar Hausa kuwa, wa ke fara kai karaya asibiti? Asibitin Ƙashi na Dala yana nan a Kano tun 1959, amma mutumin Doguwa da uwarsa ta faɗi, maɗori zai fara nema, saboda kusa yake, ana iya biyansa da abin da ya sawwaƙa, kuma an gaji yarda da shi kaka da kakanni. Tsohuwar da aka yi wa ɗori a ɗakinta, ta warke ko ta rasu, babu takardar da ta san da ita. Abin da ba a ƙidaya ba, ba a ce babu shi ba. Dalili na biyu, cutar ta masu tsawon rai ce, kuma matan da ke kaiwa 70 da 80 sai ƙaruwa suke yi. Na uku, abubuwan da ake jin su ne suka kare iyayenmu suna gushewa. Ƙashi na ƙarfafa ne da ɗaukar nauyi. Daka da surfe da jan guga da tafiyar ƙasa zuwa kasuwar ƙauye duk gini ne ga ƙashi, ko da masu yi ba da wannan niyya suke yi ba. Inji ya karɓi daka, babur ya karɓi tafiya. Ba ina kukan a mayar da mata bakin turmi ba ne, wanda bai taɓa riƙe taɓarya ba ne kawai zai yi wannan kuka. Amma in an cire wahala, sai a san an cire wani abu tare da ita.

Haihuwa ma na cikin lissafi. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna macen Arewa maso Yamma na haihuwar 'ya'ya sama da shida a tsawon rayuwarta. Mai shayarwa na zuba wa jariri miligiram 200 zuwa 300 na kalsiyam kullum a cikin nono, kuma wani ɓangare daga ƙashinta yake fitowa. Sa'ar da aka yi ita ce ƙashin na farfaɗowa bayan yaye. Wannan ya ƙara wa tsohuwar al'adar tazara da ƙyamar kwanika wata daraja da ba a cika ambata ba. Wadda aka aurar tana 'yar shekara 14 ko 15 kuwa, tana gina ƙashin ɗanta ne alhali nata bai gama ginuwa ba.

Idan ƙwaya ce mafita, da an huta. Babban gwajin da aka yi a Amurka a kan mata 36,282 da al'adarsu ta ɗauke, wanda aka buga a 2006, ya ba rabinsu kalsiyam miligiram 1,000 da bitamin D kullum na kimanin shekara bakwai. Kaurin ƙashi ya ɗan ƙaru, raguwar karayar kwatangwalo ba ta kai yadda za a kafa hujja da ita ba, tsakuwar ƙoda kuma ta ƙaru da kashi 17 cikin 100. Sai dai waɗannan mata tun farko suna samun abin da ya ishe su daga abinci, don haka ƙari a kan ƙoshi aka yi. Gwajin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na Ostireliya da aka buga a 2021. A gidajen kula da tsofaffi 60, ba a ba kowa magani ba. An dai ƙara wa rabinsu madara da kindirmo da cuku a cikin abinci, sai karaya gaba ɗaya ta ragu da kashi 33 cikin 100, ta kwatangwalo da kashi 46. Abin da na fahimta daga waɗannan biyu shi ne, amfanin ƙari yana ga wanda ke cikin rashi, kuma ta hanyar akushi ya fi tabbata.

To me ke cikin akushin tsohuwar kudancin Kano? Yankin nan rumbun masara da shinkafa ne, musamman Tudun Wada da Doguwa, kuma a duk hatsin da muke ci babu matalauta a kalsiyam kamar waɗannan biyu. Garin masara giram 100 bai cika wuce miligiram 10 ba. Ko ta ci tuwo ta ƙoshi safe da dare, abin da ta samu daga tuwon kansa bai kai na rubu'in kofin nono ba. Gero da dawa sun ɗan fi, amma su ma ba su taka kara sun karya ba, ga kuma sinadarin fayitet da ke cikin dusarsu yana riƙe ɗan abin da ke akwai ya hana hanji zuƙa. Jiƙo da tsimawa, irin wanda ake yi wa gasarar koko, suna rage wannan riƙo. Abin lura ne cewa mutanen Meziko, inda masara ta samo asali, da ruwan farar ƙasa suke dafa ta tun dubban shekaru, abin da ke ninka kalsiyam ɗinta sau da yawa. Masara ta iso mana, dabarar ba ta biyo ta ba. Hatsin da ya fita daban shi ne tamba, mai sama da miligiram 300 a giram 100, wadda maƙwabtanmu na Filato da kudancin Kaduna ke nomawa, mu kuma muka mayar da ita abincin masu ciwon suga.

Ashe dai arzikin yana cikin miya. Busasshen garin kuka na ɗauke da sama da miligiram 1,000 a kowane giram 100, wasu awon ma sun haura 2,000. Giram 10, wato kimanin cokali biyu, zai ba da miligiram 100 zuwa 200. Busasshen zogale na nan kusa da haka. Riɗin da ba a cire wa ɓawo ba ya kusa 1,000. Ƙananan kifayen da ake soyawa ko a busar a cinye har ƙaya, irin waɗanda masunta ke kamawa a madatsar Tiga tun da aka kammala ta a 1974, su ma ma'adini ne. A Jos an gwada garin busasshen kifi a kan yara masu lanƙwasar ƙafa, ya kuma yi aiki. A Keneba ma ganye da kifi suna cikin manyan hanyoyin da matan ke samun ɗan abin da suke samu, madara kuwa kaso kaɗan ce. Gaskiya ne ba duk abin da ke cikin ganye jiki ke zuƙa ba: alayyafo, alal misali, yana da sinadarin okzalet mai yawa wanda ke ɗaure kalsiyam, zogale ma yana da nasa. Amma macen da ke kan miligiram 300, in aka kaɗa mata miya da kauri sau biyu a rana, an yi mata ƙarin da ba ƙarami ba, kuma da abin da ke bayan gidanta.

A nan ne aikin ya zama namu. Miyar kuka ta faɗi a idon jama'a. Ita ce miyar da ba a kai wa baƙo, wadda amarya ke jin kunyar a ce ita ta girka, wadda ake ambata in ana son siffanta talauci. Jar miya da shinkafa da taliya su ne alamar an waye, ga tumatirin Kadawa da ruwan Tiga ke shayarwa a kusa. Wannan sauyin daraja ba a ɗakin gwaje-gwaje ya faru ba, a cikin zance da barkwanci da fina-finai da littattafan soyayya ya faru, inda gidan mai hali ba ya rabuwa da soye-soye. Nina Etkin da Paul Ross, da suka yi aiki a wani ƙauye kusa da Wudil tun cikin shekarun 1970, sun nuna cewa a wurin Bahaushe iyakar da ke tsakanin abinci da magani siririya ce. Wannan kyakkyawar ƙofa ce ga mai son isar da saƙo: ba sai an koya wa tsohuwa sabon abu ba, tunatar da ita za a yi darajar abin da ta sani, a kuma daina kushe shi a gaban jikokinta.

Nono kuma fa? Kofi ɗaya na miligiram 300 ne ko kusa da haka, kuma jiki na zuƙar kusan kashi ɗaya cikin uku nasa. Yankin da ke da dajin Falgore da rugagen da ke kewaye da shi, da dajin Ɗansoshiya a Kiru wanda gwamnatin Kano ta ware don tsugunar da makiyaya, bai kamata a ce yana ƙishin nono ba. Amma nono kuɗi ne, kuma hanyarsa ta fi miƙewa zuwa birni. Da rani shanu sun yi kudu, abin da ya saura a ƙwarya an tsinka shi da ruwa. Masu cewa madara na ɓata musu ciki ba ƙarya suke yi ba: tun 1971 binciken Norman Kretchmer a Nijeriya ya nuna Fulani makiyaya sun fi sauran ƙabilu iya narkar da sukarin madara bayan yaye. Kindirmo da nono mai tsami sun fi ɗanyar madara sauƙi ga irin wannan ciki, domin tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin. Fura da nono da rana, ashe, tsari ne mai kyau da muke da shi muka bari ya zama na marmari. Awara ma, da ta cika ko'ina yanzu, ƙimarta ta dogara ne ga abin da aka daskarar da ita: in da gishirin kalsiyam ne tana da yawa, in da ruwan tsami ne kaɗan ne.

Sai abin da ke fita. Yawan sodiyam na jan kalsiyam ya bi fitsari. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano da suka ture daddawa daga tukunya, da kanwa, duk sodiyam ne. Na sha jin ana cewa kanwa na ƙara ƙarfin ƙashi, wataƙila don kamarta da dutse da farinta. Ba haka ba ne. Likitocin Zariya tun cikin shekarun 1970 suka danganta yawan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar masu jego, kuma babu abin da take yi wa ƙashi na alheri. Hasken rana kuwa, wanda fata ke haɗa bitamin D da shi, ba ma rashinsa, sai dai macen da ta yi shekara 30 tsakanin ɗaki da inuwar rumfa, in za ta fita kuma a lulluɓe, tana iya rasa shi a tsakiyar yalwa. Tsakar gida ta wadatar, ba sai an taɓa kulle ba: hantsi ya samu hannu da ƙafa na ɗan lokaci.

Akwai kuma abin da awon abinci ba ya kamawa, wato rabon tsohuwa a cikin gida. Mijinta ya rasu, tana zaune gidan ɗa, daga tukunyar suruka take ci. Kawaici ya hana ta cewa miyar ta yi ruwa. In an miƙo mata tsoka ko kifi, jika ne ke cinyewa, ita ce ma ke kiransa. Haƙora sun zube, abin taunawa ya gagara, ta koma koko da goro. Babu wanda ya zalunce ta da gangan, kowa na ganin ya kyauta, ita ma tana ganin ta yi abin da ya dace da girmanta. Wanda zai rubuta saƙon lafiya ga wannan gida bai san wa zai yi wa magana ba in bai san wannan tsari ba. Ɗan ne mai cefane, surukar ce mai ludayi, kuma tsohuwar ba za ta taɓa roƙa ba.

Rashin suna na da farashi a aljihu da jiki. Da yake babu kalmar da ta keɓanta da wannan rauni, duk ciwon baya da gwiwa da ƙugu na tsohuwa sai a zuba shi cikin buhu ɗaya, a ce sanyin ƙashi ne ko amosani. Lewis Wall, a littafinsa na 1988 kan magungunan Hausawa, ya yi bayanin yadda sanyi ke da faɗi a tunaninmu na cuta. Faɗin nan ne matsalar. Ciwon gaɓoɓi daban, rarakewar ƙashi daban. Mai ciwon gaɓa in ta je shagon magani, sau da yawa haɗi ake ƙulla mata, kuma a cikin irin wannan haɗi akan samu ƙwayoyin sitiroyid irin su dekzametason da firedinisolon. Suna kwantar da ciwo nan take, har a yi ta sa wa mai shago albarka. Amma a duk magungunan da ke cinye ƙashi babu kamarsu in aka daɗe ana sha. Wato da sunan maganin sanyin ƙashi ake sayar mata da abin da zai karya mata ƙashi.

Don haka nake ganin sassan Hausa na jami'o'inmu da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta ba mu ƙamusun 2006, suna da aiki biyu a gabansu. Na farko, a tsayar da kalma. Ina goyon bayan zaizayar ƙashi, saboda manomi ya san zaizayar ƙasa: abu ne mai tafiya a hankali, ba a ganinsa rana ɗaya, ana kuma iya tare shi. Rarakewar ƙashi ta fi kusa da ma'anar kalmar likitoci ta asali, wadda ke nufin ƙashi mai huji-huji, amma tana ba da hoton abin da ya riga ya ƙare. Lalacewar ƙashi, da ake ji a wasu shirye-shiryen rediyo, ta yi faɗi kamar sanyin da muke gudu. Kowace aka zaɓa, a kai ta tsakar gida a Badafi a ji yadda mata za su maimaita ta, kafin a sa ta a takarda.

Na biyu, a je wurin maɗora. Mun yi kundaye masu yawa a kan ɗori a matsayin sana'ar gado, tsafe-tsafenta da addu'o'inta da kirarinta, amma ba mu cika tambayar maɗori su wa yake ɗorawa ba. Mata nawa masu furfura aka kira shi dominsu a daminar bana? A ina suka karye, faɗuwa daga tsaye ce ko haɗari? Nawa suka tashi? Ɗalibin Hausa da ya san gaisuwa da ladabin zaure zai samo amsar da likita mai farar riga ba zai samu ba, kuma wannan ita ce ƙidayar da binciken kundin asibiti ya tsallake. Maɗorin da ya gane cewa karayar kwatangwalo ba ta karan ɗori ba ce, ya tura ta Dala da wuri, ya ceci rai.

Na'urar awon kaurin ƙashi ba kayan asibitin karkara ba ce, amma akwai awon da kowane gida ke iya yi. A tsayar da uwa ko kaka a jikin bango ba takalmi, a ja layi daidai kanta, a sake bayan shekara. Ƙa'idar da likitocin ƙashi ke bi ita ce, raguwar santimita 2 tsakanin awo biyu, ko santimita 4 daga tsawon da aka san mutum da shi a ƙuruciya, wato kimanin faɗin yatsu biyu, dalili ne na a ɗauki hoton gadon baya.